Filin Tambaya da Amsa: Shin In Yi Wa Junifata Aski Yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen Birnin Kudu. Wata biyu ke nan da ƙanena ya kawo mini tsarabar wata 'yar bishiya daga Abuja a cikin kasko, ya ce sunanta junifa, kuma irin renon da ake kira bonsai aka yi mata. Na ajiye ta a kan tebur a ɗaki don gudun awaki, ina ba ta ruwa safe da yamma. Yanzu da hunturu ke ƙarewa rassanta sun yi cunkus, ganyen da ke can ciki kuma ya fara komawa ruwan ƙasa. Shin in yi mata aski, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka ajiye almakashi tukuna, ka fara da fitar da ita daga ɗaki yau ɗin nan, domin abin da ke damunta ba yawan rassa ba ne. Bonsai sana'a ce da Japanawa suka gada daga Sinawa, ta renon bishiya a ƙaramin kasko har ta yi kama da tsohuwar bishiyar dawa, kuma nau'in junifar da aka fi sayar wa sababbin shiga asalinsa kudancin Japan ne. Bishiyar waje ce mai son rana da iska, ba ta daɗewa a ɗaki. Tana kuma da wata ɗabi'a mai yaudarar mai ita: saiwarta kan mutu, amma ganyen ya ci gaba da zama kore har makonni. Saboda haka ka kankare ɓawon wani ƙaramin reshe da farce. Idan ka ga kore mai danshi a ƙarƙashi, tana da rai.

Ka sama mata wuri a tsakar gida, a kan wani abu mai tsayi da akuya ba za ta kai ba, inda za ta sha ranar safe zuwa hantsi, sannan inuwar rumfa ta rufe ta kafin azahar. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Jigawa kan haura digiri 40, ƙasar ƙaramin kasko kuma ta yi zafin da zai iya dafa saiwa. Kada ka aza kaskon a kan siminti ko kwanon rufi. Tun da ta yi wata biyu a duhu, ka saba mata da ranar a hankali cikin mako biyu.

Ruwan safe da yamma da kake ba ta a ɗaki ya yi mata yawa, kuma ina zargin shi ne rabin ciwon. Ka riƙa tsoma yatsa a cikin ƙasar: idan saman ya fara bushewa, ka zuba ruwa sosai har ya fito ta hujin da ke ƙasan kaskon, idan da danshi, ka bari. A tsakiyar bazara tana iya buƙatar ruwa sau biyu a yini, da damina kuwa ta yi kwanaki ba ta nema ba. Idan mai sayarwa ya manna tsakuwa da gam a saman ƙasar don ado, ka ɓamɓare ta. Ka kuma riƙa wanke mata ƙura da yayyafin ruwa, saboda akwai wasu ƙwari ƙanana 'yan uwan gizo-gizo da ke yaɗuwa a busasshen yanayi suna tsotse ganye. Ka karkaɗa reshe a kan farar takarda. In ka ga ɗige-ɗige suna motsi, su ne.

Batun aski sai damina ta zauna, kuma sai ka ga sabon toho kore shar a bakin rassa. Bushewar ganyen ciki, wanda haske ba ya kaiwa gare shi, abu ne da aka saba gani, kuma za ka iya tsince shi da hannu tun yanzu. Idan lokaci ya yi, ka zauna ka juya kaskon a gabanka har ka zaɓi ɓangaren da gangar jikinta ta fi kyau, wanda zai zama fuskarta. Daga nan ka cire matattun rassa, da masu kallon ƙasa, da waɗanda suka gitta juna. Reshen da ya yi tsawo, ka bi shi da yatsa zuwa inda wani ƙaramin reshe ya ɓullo, ka zura bakin almakashi tsakanin ganye ka yanke ita kanta sandar. Kada ka yi mata askin shinge, domin duk ganyen da aka raba biyu bakinsa zai ƙone. Abu biyu nake roƙonka ka kiyaye: kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyenta a lokaci guda, kuma kada ka bar reshe ba ganye, domin junifa ba kamar dalbejiya ba ce da ake yi wa ƙwal ta sake tohowa. Reshen da aka tsiraita yawanci mutuwa yake yi. Lanƙwasa rassa da wayar alminiyam da sauya mata ƙasa, duk ka bar su sai baɗi.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam, junifa baƙuwa ce a ƙasarmu. Ta saba da sanyin da take hutawa a cikinsa kowace shekara, wanda hunturunmu bai kai shi ba, kuma ko nau'inta da ke tsirowa a gabashin Afirka a kan tsaunukan Habasha da maƙwabtanta yake, inda ake da sanyi. Tana iya yin rauni ko da ka yi komai daidai. Shi ya sa nake son ka koyi hannu a kan bishiyoyin gida. Tsamiya tana da ƙananan ganye da suka dace da wannan reno, kuka tana yin kauri a kasko matuƙar an rage mata ruwa idan ta zubar da ganye, cediya kuwa tana yafe kuskuren almakashi, ta sake toho daga tsohon reshe. Da farkon damina ka yanko reshen cediya mai kaurin babban yatsa, ka haɗa dakakken jan bulo da ka tankaɗe ƙurarsa, da yashi mai tsakuwa, da ɗan gawayi da ruɓaɓɓen taki, ka dasa shi a kaskon da ka huda ƙasansa, ka ajiye a inuwa har ya kama. Idan junifar ta yi sabon toho, ka sake rubuto mana da bayanin yadda rassanta suke, mu duba wanda za a fara cirewa.