Amsa kan yarinyar da ta faɗi a makaranta

Salamu alaikum 'yan gida. Inna, na saurari muryarki kan 'yar maƙwabtanku da ta faɗi a aji tana kumfa, har ana cewa iska ce, a cire ta daga makaranta. Don Allah kar a cire ta.

Yadda kika kwatanta, ta sandare, ido ya juye, jiki na jijjiga, ta farfaɗo ta kama barci mai nauyi, ya yi kama da farfaɗiya, amma likita ne zai tabbatar. Ita kuwa a ƙwaƙwalwa take. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki suke aika wa juna saƙo. In wasu suka ɓarke lokaci guda, kamar an kawo wuta da ƙarfi fitilu na rawa, sai mutum ya zube.

A tambayi uwar, yarinyar ta taɓa yin sanƙarau? Kin san mu nan Garwa har Marwa yankinsa ne, musamman da rani. Ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko doguwar naƙuda, ko faɗuwa daga moto. Duk suna iya barin tabo a ƙwaƙwalwa. Wani lokaci ma ba a gano dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Irin su Gardénal da Tégrétol, a wurin aiki kullum muna ba da su. Abin da ke ɓata mini rai, an ga sauƙi wata biyu sai a ajiye kwalba. Yanke shi farat ɗaya na iya tayar da wadda ta fi ta farko muni. Addu'a a yi ta, Inna, amma tare da ƙwayar.

In ta tashi mata, a kwantar da ita ta gefe, a sa zane ƙarƙashin kanta. Ban da cokali a baki, ban da ɗura ruwa, ban da danne ta. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwo, a daina gudu. Ta wuce minti 5, sai asibiti. Kar a bar ta ita kaɗai a murhu, ko bakin rijiya, ko wanki a Binuwai.

Af, in ta sake, wani ya ɗauka a waya a nuna wa likita. Uwar ta kira ni bayan isha'i.