Me ya sa sojoji ke ware layin gwaji daban da layin aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Daura, ina koyon haɗa kwamfutoci. Malaminmu ya ce sojojin Amurka na da hanyar sadarwa ta gwajin sabuwar fasaha kawai. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce? Me zai hana su gwada a kan wadda suke aiki da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ɓarna ba ce, ɗan'uwa. Shi layin gwaji dole a ba shi damar lalacewa, domin sai ya faɗi ake gane inda gyara yake. Layin da kwamanda ke jiran umarni a kansa kuwa ba a yi masa wannan uzurin.

Ka dubi ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci ta bincike wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta. Ranar 29 ga Oktoba 1969 aka yi ƙoƙarin aika saƙon farko daga jami'ar UCLA zuwa wata cibiyar bincike da ke Kalifoniya. Haruffa biyu kacal suka isa, L da O, sai na'ura ta tsaya cak. Ba wanda ya rasa ransa, aka gyara aka ci gaba. A Nuwamba 1977 kuma, daga cikin mota tana tafiya aka tura bayanai ta rediyo, suka bi ta waya da tauraron ɗan'adam har Turai, suka dawo Amurka. A irin waɗannan gwaje-gwajen ƙa'idar TCP/IP ta nuna, wadda da ita wayarka ke shiga intanet yau.

Da masu bincike da sojoji suka cunkushe a layi guda, zaman ya ƙi daɗi, don haka a 1983 aka raba gari: wata hanyar sadarwa mai suna MILNET ta ɗauki aikin soja, ARPANET ta zauna wa bincike har aka rufe ta a 1990. Daga baya DREN, wata hanyar sadarwa ta bincike ta ma'aikatar tsaron, ta ɗauki irin wannan aikin, a kanta ma'aikatar ta fara gwajin IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet, a 2003.

A ganina darasin ya shafe mu kai tsaye. Mutanen jihar Katsina ba su manta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a Satumba 2021 ba. Jami'in da ke dajin Batsari ko Jibiya a irin wannan hali rediyonsa ne abin dogaro, kuma ba a filin daga ya kamata a fara gano aibinsa ba.

Kai ma ka nemi tsofaffin rauta biyu (na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci) da kwamfuta ɗaya ka haɗa naka wurin gwaji. Kada ka taɓa saitin layin ofis ko na makaranta sai abin ya yi aiki a can tukuna.