Amsa ga mai neman ƙwayoyin histamin a ƙwaƙwalwar ɓera

Ɗan'uwa, ka ce ka yanka ƙwaƙwalwar ɓera ka yi rini, zaruruwa kawai kake gani jefi-jefi a ɓawon ƙwaƙwalwa, jikin ƙwayar jijiya mai yin histamin ko ɗaya bai fito ba, har an fara cewa ka lalata aikin. Wallahi da na karanta sai da raina ya ɓaci, don irin wannan ruwan ya taɓa cin ni. Kwantar da hankalinka, a ɓawo ba za ka gan su ba. A dabba mai shayarwa da ta girma, wuri ɗaya tak suke zaune: gungun tuberomamilari, TMN ɗin nan, a can ƙasan bayan haifotalamas, dab da jikin mamilari. A ɓera wajen milimita 4 ne bayan biregma, mahaɗar ƙasusuwan saman ƙoƙon kai da ake awo daga ita. Duka-duka kimanin 4,000 ne a ɓera, a ɗan Adam wajen 64,000. Zaren da kake gani a sama nasu ne, daga can ƙasa suke miƙo shi.

Ni abin da ya same ni ya fi naka muni. Mai duba aikina ya kafe kai da fata cewa da farafomaldehaid za a daskarar da naman, don da shi ake komai a ɗakin gwajin. Na kai masa hujja cewa histamin ƙaramin sinadari ne, wankewa yake yi, sai an kama shi da kabodaimaid, EDAC. Ko kallon takardar bai yi ba. Watanni ina yanka, ina rini, gilashi fari fat. Ranar gabatar da aiki kuma, a gaban kowa, shi ɗin dai ya miƙe ya ce hannuna ne bai iya ba, wai ina tsammanin bincike wasan yara ne. Har da dariya. Wani ɗan kwamiti ya ɗora da cewa ai ƙwayoyin a warwatse suke gungu-gungu kamar na dofamin, ina ma na duba tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ina tsaye riƙe da sandar nuni, bakina ya bushe, na kasa cewa uffan. Daga baya da aka sayo EDAC, ƙwayoyin suka fito ɓaro-ɓaro, manya-manya masu rassa, bai ce min ko sannu ba. Sunansa ne ma ya hau gaba. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

To, ka fara duba abin da ka daskarar da naman da shi. In antibodin histamin ne a hannunka, wato furotin ɗin rinin da ke manne wa histamin, da EDAC za ka daskarar. In ba ka da shi, nemi antibodin HDC, sinadarin da ke mayar da histidin ya zama histamin. Ta hanyoyin nan biyu aka gano wurin tun 1984, ƙungiyar Watanabe a Japan ta bi ta HDC, Panula da abokan aikinsa suka bi ta histamin ɗin kansa.

Sannan ka lura lokacin ciro ƙwaƙwalwa daga ƙoƙon kai. Yawancin ƙwayoyin nan a manne suke da gefen ƙasan ƙwaƙwalwar, siririn layi ne, da ka ɗaga da garaje sai ya yage ya zauna a ƙashi. Ka yanke jijiyoyin gani tukuna, ka ɗago a hankali. Kar kuma ƙwayoyin mast na garkuwar jiki su yaudare ka, su ma cike suke da histamin, za ka gan su kusa da jijiyoyin jini a talamas da mayafin ƙwaƙwalwa, dunƙulallu, babu rassa. In kuwa ɗan tayi kake yankawa, lissafin daban ne, don a tayin ɓera histamin kan bayyana na ɗan lokaci a yankin rafe, a tushen ƙwaƙwalwa, kafin ya ɓace.

Rabe-raben gungun TMN zuwa kashi biyar, E1 zuwa E5, ka haddace don jarrabawa kawai, a gilashi iyakokin ba su da kaifi haka. Zaruruwan sun fi yawa a haifotalamas, suna raguwa a ɓawo, a ƙaramar ƙwaƙwalwa da laka kuwa tsiraru ne. Kuma ba kasafai suke ƙulla mahaɗa sosai ba, fesa sinadarin suke yi a kewaye, don haka kar ka wahalar da idonka.

Abin da ya riƙe ni a wannan fanni ma shi ne barci. Ƙwayoyin nan suna aiki in kana farke, su yi tsit in ka yi barci, shi ya sa Piriton ke kwantar da mutum, yana shiga ƙwaƙwalwa ya toshe H1, ɗaya daga cikin makarɓan histamin. Maganin pitolisant da Turai ta amince da shi a 2016 don cutar barci ba shiri, ta wani makarɓin, H3, yake bi ya ƙara sakin histamin. Na so in karkata aikina can, aka hana ni, shi ma wani labari ne.

Ka ajiye hoton kowane gilashi da kwanan wata, har waɗanda ba su fito ba, don ranar da za a ɗora maka laifi. Ka turo hoton yankan da ya fi kusa da mamilari da sunan antibodin da ka saya in duba maka.