Kwaso tsofaffin takardunka mu baje

Ɗana, jiya muna wanke buroshi ka tambaye ni yadda mai zane ke gane abin da ya fi son zanawa. Ka ce kai har yanzu ba ka da naka, yau mota, gobe fuska, jibi doki. Na ce ka bari sai na zauna, don ba amsar tsaye ba ce.

Kana da naka, lura ce ba ka yi ba. Ba zama ake yi a zaɓa ba kamar mai zaɓen shadda a kanti. In ka ce za ka zaɓa, abin da zai burge mutane za ka ɗauko, ko wanda ka ga yana kawo kuɗi. Ni wanda nake nufi shi ne wanda hannu ke yi in an ƙyale shi: kana waya biro na hannunka, ko kana jiran fenti ya sha iska, can sai ka duba bayan rasit ka ga ka cika shi.

Ni kaina na daɗe ina cewa doki ne nawa. Dawakin hawan sallah, mahayi cikin rawani da alkyabba, su ake saye a rataya a falo. Sai wata damina ruwa ya shigo shago ta ƙarƙashin ƙofa, ya jiƙa kwalin da nake tara littattafan zane. Na kai gida na baje su a tsakar gida, na bi su da duwatsu kada iska ta kwashe. Ranar na fara ganin aikina duka a waje ɗaya. Dawakan na nan tsakiyar shafi, tsaf da su, amma kamar da hatimi aka buga su. Gefe-gefen takarda kuwa, inda ban taɓa zaton wani zai duba ba, wuyan mutane ne cike. 'Yar talla da faranti a ka, gammo ya lotsa. Ɗan garuwa, sanda ta nutse masa a kafaɗa, ya karkace. Ɗan dako a tasha da buhu a ƙeya, jijiyar wuya ta miƙe kamar tsirkiya. Wasu ko fuska ban yi musu ba. Ashe abin da ke jan idona shi ne yadda jiki ke yi in nauyi ya hau shi. Daga nan ne ma dawakaina suka gyaru, don na fara duba yadda bayan doki ke karɓar mahayi, na rage ɓata lokaci a kan adon sirdi.

Ka ga ke nan ba lallai ya zama abu mai suna ba. Wani ninkin tufa ne ke kama shi, ko a rawani ko a zani ko a labule. Wani inuwa ce, duk inda ta faɗi.

Manya ma haka suke. Ciro naira ashirin ka juya bayanta, Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Matar nan ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, ta koyi aiki irin na Turawa, amma ƙadangare da kunama da kifi da kada da take tsagawa a jikin tuluna tun tana ƙauye ba su bar hannunta ba. A Faransa kuma Claude Monet ya sa an haƙa masa tafki a lambun gidansa, ya zana furen badon da ke ciki wajen sau 250 kafin ya mutu a 1926. Ba don ya rasa abin zanawa ba ne. Hasken safe daban, na la'asar daban, ruwan bai taɓa tsaya masa yadda ya bar shi jiya ba.

Sai dai komawa iri biyu ce, kuma a nan yara ke ruɗewa. Akwai ta lalaci: ka iya abu ɗaya, an yaba maka sau ɗaya, shi ke nan ka maƙale. Irin idon nan mai dogon gashi da kake yi a bangon kowane littafi, ko a duhu za ka iya shi, kuma na bara da na bana ba su da bambanci. Wannan sabo ne kawai. Ɗaya komawar ita ce ta abin da har yanzu yake kayar da kai. Ka jera goma, kowanne daban, kowanne da tabon kilina, takarda har ta yi gashi don gogewa, kuma babu wanda ya gamsar da kai. Shi za ka riƙe.

Ranar Juma'a bayan an sauko, kwaso duk abin da ka taɓa zanawa, har na bayan kwalin siga da na littafin makaranta. Kada ka tace, kada ka yaga wanda kake jin kunyarsa, don shi na fi son gani. Za mu baje su a kan tabarma mu kasa kashi-kashi, tsakiya daban, gefe daban. Daga yau kuma ka riƙa sa kwanan wata a ƙasan kowane zane, ko na minti biyu ne. Ka zo da duwatsu, bayan shagon nan iska gare shi.