Ki bar su su riƙe kyamarar

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki ɗauki hoton matasa tare da mutanen da suka shaƙu da su, da wuraren da ke ransu, a lokacin da annoba ta hana a kusanci juna. Na yi irin aikin nan a zamanin korona, ga abin da na gani.

Ki cire ran cewa ke za ki ɗauki yawancin hotunan. A 2020, bisa ƙidayar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, rufe makarantu ya shafi ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi. Rayuwarsu ta koma cikin ɗaki da kan waya, inda baƙo ba ya shiga. Su ke ciki, kuma kyamara na aljihunsu. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: a shekarun 1990 masu bincike Caroline Wang da Mary Ann Burris sun raba wa matan karkara kyamarori a lardin Yunnan na ƙasar Sin, matan suka ɗauki rayuwarsu, sannan aka zauna suka yi bayanin kowane hoto da bakinsu. Zaman bayanin nan shi ne rabin aikin.

Sai dai ki iya tambaya. In kika ce "ɗauko min wuri mai muhimmanci", wallahi faɗuwar rana za su yi ta turo miki. Ki ce: ina kake zama in kana waya da amininka? Wace ƙofa ce rabonka da shigarta tun da aka kulle gari? Nan za ki ga gefen gado inda caja ke kaiwa, da ƙofar makaranta da kwaɗo, da benci babu kowa. Sau da yawa wurin ne ke tsayawa a madadin wanda ake kewa.

In ke za ki ɗauka, kowa zai ce ki ɗaura wa kyamara dogon gilashi mai janyo abin da ke nesa, 85mm ko sama, ki tsaya nesa. Ta fuskar lafiya daidai ne, amma dogon gilashi na matse tazara. Mutum biyu da mita biyu a tsakaninsu, ɗaya gaba ɗaya baya, sai su fito kamar suna kafaɗa da kafaɗa, alhali tazarar ce labarin. Ki koma gefe da gajeren gilashi mai ɗaukar faɗi, 35mm, ki bar filin da ke tsakaninsu ya fito. Ta taga kuwa, ki kashe filasha, in ba haka ba haskenki kaɗai za ki ɗauko. Takunkumi ya rufe murmushi, don haka ki lura da ido da hannu da yadda jiki ke karkata wajen wani. Ki leƙa baje kolin Hold Still na Birtaniya, na hotunan zamanin korona a 2020, inda aka zaɓi hotuna 100 cikin sama da 31,000 da jama'a suka aiko. Da yawansu ba ƙwararru suka ɗauka ba.

Batun izini ba wasa. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyaye, shi ma abokin da ya fito a hoton sai an tambaye shi. Ki goge bayanan wuri da waya ke liƙa wa hoto. Wata alaƙar ma gida ba a san da ita ba, kuma matashi zai iya amincewa yau ya yi nadama gobe, saboda haka ki nuna masa hoton tare da rubutun da zai raka shi kafin ki fitar, in ya ce a cire, a cire.