Tambaya da Amsa: Fastar Tallan Sabon Kundin Waƙa

Tambaya: Ina shirin fitar da kundin waƙoƙina na farko, kuma mai zane ya kawo mini fastar talla ɗauke da hotunana uku, da jerin sunayen waƙoƙin duka, da launuka barkatai. Da na duba ta a waya sai na ga komai ya cakuɗe. Shin in karɓa haka, ko in sa a sake? Daga wani matashin mawaƙi.

Amsa: Malam, ka sa a sake. Mai wucewa a titi da mai latsa waya kallo ɗaya suke yi wa fasta, kuma a cikin wannan kallon ake so su san wane ne mawaƙin, mene ne sunan kundin, da ranar da zai fita. Jerin waƙoƙi wurinsa bangon baya na kundin ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka tsayar da kamannin da za a riƙa gane ka da su. Ka zaɓi hoto guda mai ƙarfi, da launi ɗaya ko biyu, da salon rubutu ɗaya, sannan ka maimaita su a bangon kundin, da fasta, da bidiyo, da shafukanka na sada zumunta, har ya zamana ko an hango launin daga nesa an san naka ne. Tambarin leɓe da harshe da John Pasche ya zana wa ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta Rolling Stones a 1970 har yau shi suke amfani da shi. Su kuwa Beatles, wata ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, sun fitar da kundinsu Abbey Road a 1969 ba tare da sunansu a gaban bangon ba, sai dai wannan gata ne na wanda duniya ta riga ta san fuskarsa, sabon shiga bai kamata ya kwaikwaya ba.

Ba wai cika zane da abubuwa laifi ne a kan kansa ba. Mai zane Lemi Ghariokwu ya cika bangon faya-fayan Fela Kuti da mutane da rubuce-rubuce, amma kowane abu a ciki yana ba da labarin da waƙar ke ɗauke da shi. Hotunanka uku, a ganina, magana ɗaya suke maimaitawa.

Kafin a kai wa maɗaba'a, ka sani cewa allon waya da haske yake nuna launi, a tsarin RGB, ita kuwa na'urar bugawa da tawada take aiki, a tsarin CMYK, shi ya sa shuɗi ko kore mai ƙyalli yakan dusashe a takarda. Ka nemi a buga maka kwafi ɗaya na gwaji tukuna. Ka kuma tabbatar salon rubutun yana da haruffan ƙ, ɗ da ɓ, domin da yawa ba su da su. Daga ƙarshe ka ƙanƙanta zanen ya koma girman babban yatsanka, kamar yadda zai fito a Spotify ko Audiomack; idan sunanka bai karantu ba, a ƙara girman rubutun kuma a rage hotunan.