Ma'aikatana ba sa saka zuciya a aiki, ina matsalar take?

Tambaya: Ina da gidan burodi a unguwar Zaria, nan Maradi, da ma'aikata 12. Ina biyansu, amma sai na tsaya a kansu suke aiki, kuma da damina ta kama sai wasu su tafi ko sallama babu. Ƙanena ne ke kula da su idan ba na nan.

Amsa: Alhaji, ka ce kana biyansu. Nawa, kuma wace rana? Mafi ƙarancin albashin wata a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024, dokar aiki ta 2012 kuma ta tsaida awa 40 a mako, abin da ya haura haka yana da nasa kuɗin. Wanda ya kwana yana kwaɓa fulawa, bai san ko ranar 30 ko ranar 10 ga wata kuɗinsa za su shigo hannu ba, hankalinsa na wurin mai gidan haya. Ka tsaida rana guda, kada ta motsa. Ka kuma yi musu rajista a CNSS, wato asusun ƙasa na inshorar ma'aikata, domin wanda ke aiki bakin wuta yana bukatar sanin cewa idan ya ƙone akwai inda za a ɗauki nauyinsa.

Amma inda na fi sa ido shi ne maganar ƙanenka. A sana'o'inmu na Maradi, nan ne abu ya fi lalacewa. Idan ɗan gida ya makara aka yi shiru, bare ya makara aka yanke masa kuɗi, to kowa ya gane cewa ƙoƙari ba ya kai mutum ko'ina a wurin. Ba za su gaya maka ba. Kunya da girmanka sun hana, ka tambaye su a taro su ce "lafiya lau, Alhaji". Saboda haka ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban ƙanen ba, ka tambayi kowa abin da ke ba shi wahala a aikinsa. Mai kwaɓi ya fi ka sanin buhun fulawar da ba ta tashi, mai kai burodi a babur ya san shagon da ke ƙorafi. Cikin abin da suka faɗa ka zaɓi guda ka gyara a makon nan, su gani da idonsu. Idan ka tambaya ba ka gyara komai ba, gara da ba ka tambaya ba.

Tsawa a gaban abokan ciniki kuwa, ka haramta ta, har ga kanka. Wanda ya yi laifi a ja shi gefe. Yabo ne ake yi a bainar jama'a, a kira sunan mutum a faɗi abin da ya yi.

Batun damina, yawancinsu gonar gero ce ke kiransu ƙauye, kuma suna tsoron idan sun nemi izini za ka hana. Tun watan Mayu ka zauna da su, ku tsara wa zai tafi shuka, wa zai tafi noma, kwana nawa, ka kuma tabbatar wa kowa cewa gurbinsa na jiransa. Wannan zaman kai za ka jagorance shi da kanka, ƙanenka yana zaune yana ji.